Tabon da ke Goshin Baffanka

Ƙofar Ran, Bauchi.

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai.

Zuwa ga ɗana, tare da gaisuwa mai yawa. Ina roƙon Allah ya sa motarku ta isa Kano lafiya, ya tsare ka daga sharrin hanya da na baƙunta, ya haɗa ka da malamai masu tausayi da abokai na kirki. Amin.

Na sa mahaifiyarka ta ajiye wannan takarda a ƙasan akwatinka, ƙarƙashin bargo, don kada ka gan ta sai ka sauka. Ka san al'adar gidanmu. Kai ne ɗan fari, kuma sunan mahaifina ne da kai, saboda haka shekara goma sha tara ke nan maganar da ke tsakaninmu ba ta wuce "ina kwana" da "je ka kira mini wane". Abin da zan faɗa ya fi ƙarfin bakina. Ni kuwa mutumin takarda ne, a nan kaɗai nake iya miƙe magana.

Na karanta jerin darussan da makarantarku ta aiko. Na ga za a koya muku ƙashi da jini da ƙwaƙwalwa da jijiyoyi, da yadda suke juya halin mutum. Kafin su kai ka gaban majiyyaci na farko, ina so in ba ka labarin wanda ni na gani na kasa ganewa. Baffanka Buba nake nufi. Shekara bakwai babu ɗan gidan nan da ya ambaci sunansa a zaurenmu. Ni na hana, kuma yau ni zan fara.

Kai da idon yaro ka san shi, bari in gaya maka yadda na san shi. Shekara shida na ba shi. Ni aka sa a boko, shi kuwa da mahaifinmu ya rasu sai ya riƙe shanun da suka rage mana, a ruga can bayan duwatsu. Ban taɓa ganin mai sanyin hali da kunya kamarsa ba. In ya hango surukinsa ta wannan lungu, sai ya bi wancan. Tun da ya fara gemu bai ƙara cin abinci a gaban Inna ba. In zai roƙe ni abu, sai ya zaga ta kan damina da tsadar kanwa da lafiyar maƙwabta, har in gaji in ce, "Buba, me kake so?"

Kana tuna Juma'ar damina? Da hantsi za a ji ƙararrawar kekensa tun daga bakin ganuwa, ga ƙwaryar kindirmo ɗaure a baya, an rufe ta da faifai, ƙafafunsa duk taɓo. In an sauko masallaci sai ya ɗora ka a gaban keken ku tafi kasuwar Wunti cin masa. Ka dawo da mai a gaban rigarka, mahaifiyarka ta yi ta faɗa, shi kuma ya tsaya a bakin ƙofa yana kallon ƙasa kamar shi ya ɓata rigar. Garin nan a lokacin bai kai haka cika ba. Daga ƙofar gida kana hango ciyawa shar har gindin dutse. Na karanta kwatancin birane da yawa a littattafai, ban sami wanda ya kai mini wannan ba.

In na zo hutu yakan kai ni garke ya yi ta nuna mini shanu ɗaya bayan ɗaya. Wata rana ya ce, "Hamma, ka ga waccan? Ba ta son a zo mata ta hagu. Uwarta ma haka take, kakarta ma haka. Amma dubi wannan. Uwarta ta taɓa karya wa mutum haƙarƙari. Ita kuwa a hannuna ta tashi, yanzu ko kai ɗan boko ka tatse ta." Na yi dariya, ban riƙe maganar ba. A ganina a lokacin, ilimi abu ne da ake bugawa a takarda.

Sai ka san irin aikin da na yi a Zariya, domin daga nan ciwon ya faro. A maɗaba'a, masu jera haruffan dalma su jera shafi, a buga guda ɗaya na gwaji, a kawo mini in bi shi da jan alƙalami. Abu na farko da aka koya mini shi ne kada in karanta ma'ana. In ka bari labarin ya ɗauke ka, kuskure zai wuce ta ƙarƙashin idonka. Wani lokaci ma daga ƙasan shafi nake farawa in yi sama, don kada in san abin da ake faɗa. Na ƙware, har ana kawo mini aikin da wasu suka riga suka duba. Ban lura ba ashe na fara karanta mutane haka nan. In na dubi mutum, inda ya karkace kawai nake gani.

Kana da shekara goma takardar waya ta iske ni a wurin aiki. Wani baƙon bijimi da aka sayo ya kaɗa kai lokacin da Buba ke sa masa igiya, gindin ƙahon ya same shi a goshi, ya faɗi kan dutse. Kwana uku bai san inda yake ba. A makon muna da babban aiki a kan inji. Na ce bari a gama in taho. Kafin a gama wata wayar ta zo, ta ce ya farfaɗo, yana shan kunu. Na yi hamdala, na koma kan shafina. Ban zo Bauchi ba sai hutun Salla, bayan wata huɗu.

Da a ce na zo a ranar, da na ga goshin ɗan'uwana a lotse, da na ga jinin da Inna ta ce ya jiƙa zane biyu, ba na jin zan manta da bijimin nan daga baya. Amma abin da na tarar tabo ne ɗan ƙarami da hula ke rufewa. Saboda haka in an ce maka wani naka ya ji ciwo, ka tashi ka je. Ba aikin da ba zai jira ba. Abin da ka gani da idonka yana zama a zuciya, wanda aka rubuto maka kuwa yana bin sauran takardu.

Ya warke, kowa ya ce ya warke. Yana tafiya, yana salla, bai manta sunan saniya ko ɗaya ba. Amma ranar da na iso, muna zaune a tsakar gida, sai ya ɗaga murya ya ce, "Sa'idu! Zo nan ka gai da ubanka, ya zo da takalmin Turawa!"

Ka ga na rubuta sunan. Alƙalami bai kai baki kunya ba.

Inna ta ja mayafi ta rufe fuska, domin sunan mijinta ne, kuma tun da aka kawo ta gidan ba ta taɓa furta shi ba. Mahaifiyarka ta shige ɗaki. Kai kuwa ka sheƙo da gudu kana dariya. Daga baya na gane wannan ne karo na farko da wani ya kira ka da sunanka a cikin gidanku.

Daga nan abu ya yi ta ƙaruwa. In ya ga abinci sai ya sa hannu, ko na wane ne. In magana ta zo masa sai ya faɗa, ko gaban wa. Ya fara zagi, mutumin da ko akuya bai taɓa zagi ba. Ya yi fushi kamar zai ci mutum, kafin ka juya ya manta, yana tambayarka me ya ɓata maka rai. Matarsa ta jure shekara guda, ta koma gidansu. Inna ta yi ta karɓo rubutu da turare. Ta ce da ni, "Wanda ke magana da bakin nan ba Buba ba ne."

Na ce, "Inna, babu wani aljani. Ku daina wahalar da kanku."

Ta ce, "To mene ne, tunda kai ka yi karatu?"

Na ba ta amsa, kuma har yau in na tuna sai in ji nauyi. A lokacin na gama karanta wani littafi a kan gado, yadda tsawo da launi da wasu cututtuka ke bin jini daga iyaye zuwa 'ya'ya. Abin ya burge ni ƙwarai, na ga kamar an ba ni mabuɗin kowane ɗaki. Mahaifin Inna kuwa, wanda ba ka tarar ba, an san shi da zafin zuciya. Sai na ce mata jinin babanta ne ya tashi, da ma yana kwance, yanzu da Buba ya girma ya fito.

Ta ce, "Babana ya yi faɗa, gaskiya ne. Amma har ya mutu bai taɓa sa hannu a akushin surukinsa ba."

Ka duba abin da na yi. Ga mutum ya shekara ashirin da takwas da hali ɗaya, an buge shi a ka, ya tashi da wani halin. Ɗan makarantar elamantare ma zai haɗa waɗannan biyun. Ni kuwa na tsallake bijimin da kowa ya gani, na tafi kabarin kakana na ɗauko dalili, don kawai shi ne a littafin da ke hannuna. Za a koya maka abubuwa masu daɗin ji, kowanne in ka fara saninsa za ka ga kamar shi ne amsar kome. Ka yi hattara da sabon ilimi a watanninsa na farko. In an kawo maka wanda halinsa ya sauya, kafin ka buɗe littafi ka tambayi mutanensa: yaushe ya fara, me ya same shi kafin nan? Ka tambayi tsohuwar da ke tsaye a bakin ƙofa. Ita ta san ranar.

Bayan shekara biyu na bar Zariya na dawo gida da zama, na kama aikin fassara da aika labarai. Ni ne maigida yanzu. Na yi abin da na iya: na sami takarda na fara rubuta laifuffukan Buba, kowanne da ranarsa. Na ce a raina adalci nake yi, ba na so in yi hukunci da zato.

Ranar sunan ƙanwarka zaure ya cika. Kakanka na wajen uwa yana zaune a kan buzunsa, ga malaman unguwa, ga abokan aikina. Buba ya shigo ba sallama, ya zauna a gefen buzun dattijon, ya jawo akushin da aka aje wa tsohon ya fara ci. Ya dube shi ya ce, "Baba, wannan gemun naka ai ya isa a yi wa maraƙi igiya." Wani ya tuntsire da dariya ya kama bakinsa. Na ce Buba ya tashi. Ya ɗauki akushin ya maka da bango.

Na shiga ɗaki na ɗauko takardar. A gaban mutanen nan na tsaya na karanta masa laifi goma sha ɗaya, a tsanake, kamar mai karanta sanarwa. Ban ɗaga murya ba, kuma a lokacin har alfahari na yi da haka. Da na gama na ce gidan mahaifinmu ba zai ɗauki wannan ba, ya nemi inda zai zauna.

Fushin ya riga ya sauka daga fuskarsa. Ya saurare ni har ƙarshe yana lasar yatsa. Sai ya ce, "Hamma, ka iya ƙirga. Amma ka manta ɗaya."

Na ce, "Wanne?"

Ya ce, "Ranar da bijimin nan ya buge ni, ban mutu ba. Rubuta shi, na goma sha biyu."

Ya fita. Ko sandarsa bai ɗauka ba. Inna ce ta tsince ta a bakin zaure.

Ba zan ce abin da ya yi daidai ne ba, dattijo ya ji kunya a gidana. Amma wanda ya rasa linzamin kansa a ranar yana da uzuri a goshinsa. Ni da nawa linzamin ke lafiya, na zaɓi ranar taro, na zaɓi takarda, na zaɓi sanyin murya. Kada ka taɓa tara wa mutum laifi a rubuce. In ya ɓata maka, gaya masa a ranar, ku biyu, a wuce wurin. Kuma kada ka ɗauka duk wanda bai ɗaga murya ba shi ne mai gaskiya.

Yanzu na zo inda ya shafe ka. Kana kama da shi, ka sani. Tsawon wuyan, da yadda kake karkata kai in kana saurare. Tunda na riga na yanke cewa abin a jini yake, sai na zuba maka ido. Na ba wani makiyayi riƙon shanun, na hana ka zuwa ruga. In ka yi dariya da ƙarfi sai in ɗago kai in dube ka. Kai ma na buɗe maka shafi, ban taɓa gaya wa kowa ba. Ranar da ka fasa wa wani yaro baki a makarantar midil, na ce a raina ga shi nan ya fara. Na yi maka dukan da ban taɓa yi maka ba, ban tambaye ka kome ba. Sai bayan shekara biyu mahaifiyarka ta gaya mini cewa yaron ce maka ya yi, "ɗan gidan mahaukaci". Baffanka ka tsaya wa, a lokacin da ni na kore shi. Ka yafe mini wannan.

Gado gaskiya ne, ba ina ce maka ƙarya ba ne. Za ka ga cutar da ke bin gida, za ka ga ɗa ya ɗauko saurin fushin ubansa kamar yadda ya ɗauko hancinsa. Amma abin da Buba ya nuna mini a garke ya fi abin da na fahimta daga littafin cika: saniya tana ɗauko na uwarta, kuma tana ɗaukar na hannun da ya raine ta. In ka zauna kana jiran mugun hali ya fito daga yaro, kallon da kake masa ma ya isa ya canza shi. Allah ne ya kiyaye ka daga nawa.

Shekara uku da suka wuce aka ba ni fassarar wani ɗan littafi na ma'aikatan disfensare. Akwai babi a kan raunin kai, da kalmomin da ban yarda da fahimtata a kansu ba. Ka san ni, ba na sa kalma sai na tabbata. Na hau keke na tafi asibiti wurin wani likita, dattijo mai haƙuri, ya zaunar da ni ya buɗe mini hoton ƙwaƙwalwa. Ya nuna mini cewa ba dunƙule ɗaya ba ce mai aiki ɗaya. Nan gani, nan ji, nan motsa hannu da ƙafa, nan magana. Ya sa yatsa a gaba, bayan goshi, ya ce nan kuma shi ke ce wa mutum dakata. In sha'awa ta taso ko fushi ko wata magana, nan ne ake auna ta kafin a sake ta.

Na aje alƙalami. Na ce, "Likita, akwai wani mutum da na sani."

Na ba shi labari, ban ce ɗan'uwana ba ne. Ya ce, "A ina aka buge shi?" Kafin in amsa ya taɓa nasa goshin. Ya ce, "Yana gane mutane? Yana aikinsa? Amma ba ya iya jira, kuma ba ya jin kunya?" Duk na ce e. Ya ce likitoci sun daɗe da sanin irin wannan, har akwai wani ma'aikaci a wata ƙasa da ƙarfe ya ratsa gaban kansa, ya rayu, amma waɗanda suka san shi suka ga kamar an musanya musu shi. Na ce akwai magani? Ya ce babu wanda shi ya sani. Sai dai irinsu sukan fi samun sauƙi in an bar su a wurin da suka saba, da aikin da hannunsu ya sani, cikin mutanen da ba sa ɗaukar maganarsu da zafi. Ya ce, "Mutumin naka yana da 'yan'uwa?"

Na ce yana da su.

Ya ce, "To, ya yi sa'a."

Ban iya hawa keken ba, tura shi na yi har Ƙofar Ran da rana tsaka. Wurin da ya saba, da aikinsa, da mutanensa: duka ukun ni na raba shi da su. Kuma Inna, wadda na yi wa dariya a zuci saboda turarenta, ta fi ni kusa da gaskiya nesa ba kusa ba. Ta ce ba shi ke magana ba. Sunan abin kawai ta kuskure. Ni na san sunaye da yawa, na kuskure mutumin.

Za ka zaci washegari na tafi nemansa. Ban tafi ba, kuma wannan ne kuskuren da ya fi ba ni kunya, domin shi na yi shi ne da sani. Na ce a raina, tunda wani abu ne ya lalace a kansa, ba haƙurin da zai fahimta, ya ma manta. Na koma littattafai. Na karanta yadda jijiyoyi ke kai saƙo kamar wayar tangaraho, da yadda wasu ƙulluttai a jiki ke zuba ruwansu cikin jini su sa tsoro ko kasala ko rawar jiki, da yadda maƙoƙo ko zazzaɓi ko yunwa ke sauya hali. Duk gaskiya ne, kuma za su yi maka amfani. Amma ni mafaka na mayar da su. Kowa ya yi fushi a gabana sai in nemo masa dalili a jikinsa. Na daina jin haushin mutane, na kuma daina sauraronsu. Wata rana mahaifiyarka tana yi mini ƙorafi, na ce mata ƙila rashin barci ne ya taɓa mata jijiya. Ta aje muciya ta ce, "Malam, ni ba jijiya ba ce. Rai ka ɓata mini."

Ka riƙe wannan maganar tata, ta fi rabin abin da na karanta. Ka fara da jiki kullum, domin sau da yawa abin da ake kira mugun hali ciwo ne da ba a duba ba, kuma zalunci ne a hukunta mutum a kan ciwo. Amma in ka gano ciwon, kada ka tsaya nan ka ce ka gama. Akwai mutum a ciki, yana jin abin da ake masa.

Bara wani dillalin shanu ya zo daga Kano ya tsaya a zaurenmu. Ya ce Buba yana kara, kasuwar shanu, yana kama wa dillalai dabbobi, a wata rumfa yake kwana. Mai Tabo suke kiransa. Ya ce ba wanda bai zaga ba, har sarkin kara, an saba, dariya ake yi. Amma in bijimi ya gagari kowa, shi ake kira, ya zo ya dafa wuyansa ya yi masa magana ƙasa-ƙasa har ya tsaya. Ya ce duk mutumin Bauchi da ya gani sai ya tare shi da tambaya biyu: "Inna tana nan? Sa'idu ya girma?"

Na ce, "Ni fa?"

Dillalin ya sunkuyar da kai, ya ce, "Malam, ban ji ya tambaya ba."

Ashe bai manta ba. Mutumin da na ce ba zai fahimci ban haƙuri ba ya san sarai wanda ya zalunce shi. Da aiki ya kai ni Kano a farkon shekarar nan, na je karar. Na hango shi, ya rame, gemunsa ya fara fari, hannunsa a kan wuyan wani jan sa. Na tsaya a bayan wata babbar mota har ƙafata ta gaji, na juya na koma masauki. Ban gaya wa kowa ba sai kai yau.

Saura 'yan makonni a sauke tutar Turawa. Telolin Wunti ba sa ɗaga kai saboda ɗinkin kore da fari, ni kuma kullum ina fassara jawabai a kan mulkin kai. Za su tafi su bar muku asibitocin da littattafan, ku za ku riƙa duba mutanenmu da harshensu. Ina murna da na ga wannan lokaci. Amma ba zan ɓoye maka ba, hankalina ba a kan tuta yake ba. Kakarka ba ta fito tsakar gida ba duk daminar nan, ka gani da idonka. Idonta ya tafi, abincinta bai fi na yaye ba. Abin da ba ka lura ba shi ne, duk Juma'a da hantsi, in keke ya kaɗa ƙararrawa a lungu, sai ta ɗaga kai. Ba ta taɓa yi mini maganar ba, ko sau ɗaya. Ba na jin za ta ga wata daminar.

Sandar da ka tarar naɗe cikin tabarmarka tasa ce. Shekara bakwai tana ƙarƙashin gadon Inna. Da na je roƙonta ba ta tambaye ni me zan yi da ita ba, ta lalubo ta miƙo mini.

Juma'ar farko, in an sauko masallaci, ka tafi kara ka tambayi Mai Tabo. Ka bar littattafanka a makaranta. Kada idonka ya fara sauka a kan goshinsa, ba darasi aka aike ka dubawa ba. Ka durƙusa ka gaishe shi kamar yadda ake gai da baffa, ko da cikin kashin shanu ne. Zai iya zaginka, zai iya yi wa wandonka dariya, zai iya cinye abin da ke hannunka. Zai kira sunanka da ƙarfi a tsakiyar kasuwa. Ka amsa.

Ka ba shi sandar. Ka ce Inna tana nan, amma ta tsufa ƙwarai. Ka ce ɗakinsa yana nan, shanunsa sun ƙaru, jikar saniyar nan da ba ta son hagu ita ma ba ta so. Ka ce Hamma ya ƙona takardar. Ka ce Hamma ya ce na goma sha biyun ba laifi ba ne, rahama ce, kuma laifin da aka yi a zauren nan nasa ne. Ban aike ka don ka ba da haƙuri a madadina ba, wannan aikina ne. Izini nake nema. In ya yarda in zo, zan hau motar farko, in tsaya a gaban mutanen kara in roƙe shi, tunda a gaban mutane na kore shi.

Duk abin da ya ce, ka rubuto mini. Na san ka da kunya, za ka so ka sassauta, ka cire zagin, ka gyara maganar don kada ta yi mini zafi. Kada ka yi. Na shekara ashirin ina gyara maganar mutane. Wannan ka aiko mini da ita yadda ta fito daga bakinsa, ko harafi ɗaya kada ka taɓa. Zan karanta ta daga sama zuwa ƙasa, ba alƙalami a hannuna.

Mahaifiyarka tana gaishe ka, ta ce ka riƙa cin abinci. Ƙannenka suna gaisuwa. Inna ta sa maka albarka.

Allah ya tsare ka a zaune da tafe, ya kare ka daga ciwo da mugun abokin zama, ya buɗe maka karatu, ya sa hannunka ya zama sanadin sauƙi ga bayinsa. Allah ya sa ka tarar da baffanka lafiya, ya sanyaya zuciyarsa, ya ba Inna kwanakin da za ta ji muryarsa a tsakar gidan nan. Allah ya dawo mana da kai lafiya, Sa'idu. Amin.

Ni ne mahaifinka.